Tsakuwar da Na Watsar

A Badarawa, in an gama yankan gero sanyi ya fara shigowa, kakarmu Hajjo takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba ta fara tatsuniya sai da ƙoƙon tsakuwa a gefenta.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta kuregen da ya samo gyaɗa goma sha bakwai, ga ɗiya biyar na jira. Don gaggawa sai ya dumbuza wa kowa da ka, ya iso kan auta hannu wayam. Auta ya kwana yana kuka. Washegari uwarsu ta karɓi rabon. A nan Hajjo kan zana gida biyar a ƙasa, ta miƙo mana ƙoƙon.

"Guda-guda, ɗiyan nan. Kai Mamman, mi kaka sauri? Biki za ka?"

Mu yi ta zagayawa har kowane gida ya sami uku, biyu su rage.

"To waɗanga hwa?"

Mu ce na Hajjo ne. Ta yi ta dariya har da tari.

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara ina ɗinki a Kaura, ɗiyata Saratu tana aji shida, jarrabawar shiga sakandare na gabanta. Lissafin rabawa ke ba ta wuya. Wata la'asar na dawo tare da maƙwabcina, ma'aikacin jirgin ƙasa, muka iske ta a zaure ta zana gidaje tana jera tsakuwa. Ni na ba ta tatsuniyar tun tana ƙarama. Amma ganin idon baƙo, kunya ta kama ni, na sa ƙafa na watsar.

"Wane irin ƙauyanci ne wannan? Yi da ka!"

"To Baba, gwada mini."

Na karɓi littafin na duba. Ni a aji huɗu na tsaya, ban ma san ta inda ake farawa ba. Sai na daka mata tsawa na wuce ciki.

Ba ta ƙara tambayata ba, ba ta ƙara taɓa tsakuwa ba. Lissafi ya kayar da ita a jarrabawar, karatun ya tsaya nan.

Da muna yara kuregen muke wa dariya. Sai da na tsufa na lura shi barcinsa ya yi, auta ne ya kwana da yunwa.

Kwanan baya na ji ɗan Saratu na fama da rabawa. Na tsinto tsakuwa cike da ƙoƙo na kai gidanta. Ta dubi ƙoƙon, ta dube ni.

"Aje nan, Baba. Ni zan gwada mishi."