Ban da 'Yan Gida

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ƙarfinsa kuma na karatun mutum ɗaya ne. Ya zaɓi yayana, ni aka miƙo mini fartanya. Duk kakar gyaɗa ni da Baba muke kai buhuna kasuwar Ɗanbatta a amalanke, abin da aka samu ya hau mota ya bi ɗan makaranta Kano. Allah ya sani ban taɓa jin haushi ba. Baba yakan ce in ɗaya ya tsaya da ƙafarsa, gidan ne ya tsaya.

Ya kuwa tsaya. Bayan rasuwar Baba ya zo da jerin motoci, ya tara mu a zaure, ya ce ya kafa gidauniya da sunan mahaifinmu, za ta riƙa ɗaukar nauyin 'ya'yan talakawan yankinmu a jami'a. Har hawaye na yi. Da hannuna na ciro hoton Baba daga bangon ɗakina na ba shi don gidauniyar, shi kaɗai muke da shi.

A shekarar ce 'yata ta fari ta samu gurbin karatun jinya a jami'a. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na same shi na ce, "Yaya, ga jikar Baba ma ta samu."

Ya gyara zaman hularsa. "Ai akwai ƙa'ida, ban da 'yan gida. Kada a ce na kafa abu ina raba wa dangi, sunan Baba ne zai ɓaci."

"To ita fa?"

"Wannan tsakanina da kai ne. Bari, zan neme ka."

Har yau yana nemana. Na buga waya har na fara jin kunyar kaina. Na sayar da tumaki biyu, ba su kai ko'ina ba. Gonar da zan jinginar gado ce da ba a raba ba, sai da yardarsa. Wato dai mun yi talaucin da ya isa a tausaya mana, amma sunan ubanmu ya hana. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Ranar rabo aka kafa rumfuna a filin firamare. Ga hoton Baba an buga shi ƙato a ƙyalle, ya fi ƙofar zaurenmu tsawo. Aka kama hannuna aka kai ni kujerar gaba, wai iyalan marigayi. Mai lasifika ya yi ta ba da labarin yadda marigayi ya sadaukar da guminsa don ilimi. Gaskiya ya faɗa, sai dai rabin gumin nan yana zaune a gabansa cikin rigar aro.

Can wani mai hikima ya ce abin zai fi armashi in jikar marigayi ce ta miƙa wa ɗaliban da hannunta. Aka kira 'yata. Ta tashi, ba ta dube ni ba. Ta tsaya ƙarƙashin hoton kakanta tana miƙa ambulan ga 'yan ajinsu, har da waɗanda take koya wa lissafi a tsakar gidanmu. Mai hoto ya ce ta yi murmushi, ta yi. A wannan makon aka rufe rajista a jami'ar.

Da muka dawo gida ta ninke mayafinta, ta ɗauki guga ta tafi rijiya. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Yanzu tana koyar da yara a Islamiyyar unguwa. Mutane suna tare ni a kasuwa su ce Allah ya saka wa gidanmu da alheri, in ce amin, don ba zan ƙi addu'ar da za ta kai ga Baba ba. Amma baƙin cikin yana nan, ba na ɓoye shi.

Yayana bai manta da ita ba, kada in yi masa ƙarya. Duk shekara, in rabo ya matso, yakan aiko mata da sabon yadi, don ta fito da kyau a hoto.