Sifirin da Balkisu Take Kira Biyar

Ban taɓa mantawa da ranar da Hedimasta ya kira ni a kan Balkisu ba. Shekara biyu ke nan da fara UPE, shirin ilimin firamare kyauta, ina malamin wucin gadi a wani ƙauye kusa da Gummi. Irinmu aji bakwai muka gama, aka miƙa mana alli saboda ƙarancin malamai.

Ƙa'idar makarantarmu ita ce wanda ya faɗi jarrabawar zango na uku ya maimaita aji. Uban Balkisu malamin allo ne, da ƙyar ya ba da ita, ya kuma ce ranar da ta maimaita ta bar boko.

"Ɗiyar ga ba ta da kan lissafi," in ji Hedimasta. "Ka ga makinta?"

Na gani, don ni na mai da ita bencin baya. Amma in na tambaye ta da baki, kafin in rufe baki ta amsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa jarrabawa."

Da aka tashi tara na tsai da ita, na rubuta 10 a allo.

"Nawa ne wannan?"

"Goma sha biyat, Malam."

"Ke! Ina biyat ɗin?"

Ta ɗora yatsa a kan sifiri. "Ga ta nan. Haka take ga littattafan Baba. Sifiri ai ɗigo na."

Nan na gane. Lambobin Larabci take karantawa: sifirinmu biyar ɗinsu ne, bakwai ɗinmu kuma shidansu. Yarinyar daidai take lissafi, ni kuwa ina zabga mata jan biro.

Daga ranar kullum da tara muna gindin bishiyar bedi. In zana lambar boko a ƙasa, ta zana ta gidansu a gefe. A aji na bar ta tana rubuta biyun tare. Hedimasta ya ce, "In sufeto ya gani fa?" Na ce ni zan amsa.

Ta ci jarrabawa, ta shiga aji uku. Da na kai wa ubanta labari ya yi dariya ya ce, "Ashe ku 'yan boko kun ɗauki biyat kun mai da ita babu!"

Ku malamai da kuke shiga aji yanzu, kowane yaro da abin da ya taho da shi daga gida. Kafin jan biro ya sauka, ku tambaye shi: me ka gani?