Noben Kaka Falmata

A Gidimuni na yi wayo, a hannun kakata Falmata, uwar babana. Babarbariya ce, gajera, mai faɗa, kuma duk inda ta zauna sai ta bar ƙamshi. Turaren wuta take haɗawa, amma ba shi ya sa matan unguwa ke girmama ta ba. Ita ke adana musu irin wake. Da an gama kaka sai kowace ta kawo nata, wani ɗan jan wake mai saurin nuna wanda suka gada, Kaka ta jera shi cikin tulu, hawa ɗaya na wake, hawa ɗaya na busasshiyar ciyawar nan mai ƙamshi da ake kira nobe, ta liƙe baki da laka. Har damina ƙwaro ba ya taɓa shi.

Lokacin sanyi, da an yi magariba an ci tuwo, sai ta hura wuta a tsakar gida mu kewaye ta. Ba ta iya fara tatsuniya kamar mutane ba. Sai ta jefa ɗan kajiji a garwashi, ta ce, "Ga ta nan tafe. Ku buɗe kunne, ku buɗe hanci." Mu ce ta iso lafiya. Akwai guda ɗaya da take maimaitawa duk shekara har ta ishe ni.

Wai a wani gari an yi tagwaye mata, kamarsu ɗaya sak, ko uwarsu ba ta rarrabe su. Sarkin ƙwari ya addabi garin, duk rumbun da ya shiga sai ya mai da shi gari. Amma akwai ɗaya cikin tagwayen da in ta zauna bakin rumbu, rundunarsa ba ta iya matsowa. Ɗayar kuwa ko kallo ba ta ishe su ba. Mai gane su mutum ɗaya ce, wata makauniyar tsohuwa. Takan kamo wuyan yarinya ta shinshina, ta ce, "Wannan ce." Shekara da shekaru haka, garin na cin wakensa. Tsohuwar ta yi ta kiran mutane su zo su koya, kowa ya ce gobe. Ran da ta mutu, masu ido suka taru suka duba tagwayen, suka zaɓi wadda ta fi tsayuwa da kyau, suka zaunar da ita. Kafin damina babu ƙwaya ɗaya mai rai. Kunya ta kori ƴan matan daji, suka zama ciyawa, har yau suna tsaye kusa da juna.

Nan Kaka take tsayawa, babu biki, babu wanda ya yi arziki. Sannan ta jawo damin ciyawa biyu daga bayanta, ta murza, ta tura mini a hanci.

"Zara, wacce ce mai gadi?"

"Kaka, ai duk ɗaya ne."

"Sake dai."

"Wallahi ɗaya ne. Gyaɗata tana ƙonewa a garwashi."

Sai ta yi tsaki. "Wannan hanci naki na ado ne. Allah Ya ba ki miji mai toshewar hanci, ku zauna lafiya."

Mu yi ta dariya. Ita ma takan yi, amma ba ta daɗe tana yi.

Na tafi lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, daga nan jami'a a Yamai, na karanta ilimin sinadarai. Ina can ta rasu. Abin dariya, a kan man ƙamshin tsirrai na ƙware. Na koyi cewa ƙamshin nobe wani ɗan mai ne a cikin ganye, mai tashi a iska, yana kashe ƙwaron wake, yana hana ƙwansa ƙyanƙyashewa. Na koyi tatsarsa da tururi har ya ɗiga cikin kwalba. Na riƙa ji a raina na wuce Kaka nesa, ita tana da ciyawa, ni ina da ainihin abin.

Da na dawo gida na tarar matan sun koma cuɗa irinsu da toka. Suna asarar wani, suna tsira da wani. Na tara su a gidan Inna Mariya, aminiyar Kaka, na ce su bar tokar nan, na zo da abin da ya fi. Na yanko nobe a gefen hanyar Takieta, inda ya yi tsayi ya yi kyau, na tatsi mai, na ɗiga a tsumma, muka zuba duk irin da suke da shi a tuluna, muka sa tsumman cikin kowane tulu muka liƙe. Inna Mariya ta ɗauki kwalbar ta kai hanci, ta shinshina.

"Ƴar nan, anya haka na Falmata yake?"

"Shi ne, Inna. Ya ma fi ƙarfi."

"To. Ke kika yi karatu."

Da hadari ya fara haɗuwa muka fasa tulun farko. Ƙwari ne suka fara fitowa, sannan wari. Na zura hannu na ɗebo, kowace ƙwaya da huda uku huɗu, ƙasan tulun kuwa gari. Muka fasa na biyu, na uku, har na ƙarshe. Duk haka suke. Wata ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Na aika sauran man aka auna a Yamai. Sinadarin da ke kashe ƙwaron kaɗan ne ƙwarai a cikinsa. Nobe ne dai, sunansa ɗaya, ganyensa ɗaya, amma abin da ke cikin mansa yakan bambanta da ƙasar da ya tsiro da lokacin da aka yanke shi. Na ma karanta wannan a jami'a, na amsa shi a jarrabawa, ban taɓa haɗa shi da tsakar gidanmu ba.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar tana cewa kada a ruɗu da kyan gani. Yanzu na san ba wa'azi Kaka take yi ba, neman magaji take yi, kuma ta mutu ba ta samu ba. Na yi ta yawo a dajin Gidimuni da na Zermu ina yankar nobe ina aikawa awo. Inda tsofaffi suka ce nan Kaka take zuwa yanka ya zama gona, an tumɓuke komai. Ko da zan dace gobe in samo shi, babu abin da zai tsare. Jan waken nan ya ƙare a hannuna. An tambaya ƙauyukan kewaye, ba a sami mai shi ba. Na kasuwa suke shukawa yanzu, wanda sau da yawa ruwa ke ɗaukewa bai nuna ba.

Ba wadda ta taɓa yi mini gori. Inna Mariya ta tsufa sosai, ba ta zuwa gona. Duk sanda na je gaishe ta sai ta riƙe hannuna ta ce, "Maraba da jikar Falmata." Da zagina take yi da na fi samun sauƙi.