Ranar da Kikue Ta Bar Furen Tsubaki

Kikue matar ƙanen mijina ce. Shekara hamsin da biyu muna katanga ɗaya a ƙauyenmu na bakin teku a Chiba, ƙasar Japan, ban taɓa ganin ta shanye shayi a zaune ba. Ko a wajen makoki ƙafarta rawa take.

Abu ɗaya ta iya, ta kuma iya shi sosai: naɗin sushi mai fure a ciki. Takan shimfiɗa busasshen ganyen teku a kan 'yar tabarmar gora, ta jera farar shinkafa da wadda ta rina da jan garin kifi, ta sa wainar ƙwai a tsakiya, ta naɗe. Sai an yanka ake ganin jan furen tsubaki. Biki, suna, sabon jirgin kamun kifi, duk tsubakin Kikue ne a faranti. Ba ta taɓa gwada wani zane ba.

Bara aka yi wa mijinta Genzo aiki a maƙogwaro. Da aka sallame shi aka sa walimar warkewa, mutum talatin. Ba a kai wa majinyaci tsubaki, don kan furen ɗungurungum yake faɗuwa daga wuya. Ga mutum da ɗinki a wuya.

Da safiyar walimar ta faɗo mini gida.

"Yaya Fusae, taso. Zanen malam-buɗe-littafi zan yi."

"Kin taɓa yi?"

"Na gani a farantin matar mai aski. In waccan ta iya, kyanwa ma ta iya."

"Ki sayo a gari mana."

"In ba baƙin Genzo abincin kanti? Kashe ni tukuna."

Naɗi na farko da ta yanka, kamar an taka kwaɗo. Na biyu fiffike ɗaya. Ni aka tura wa su na cinye. Shinkafar da ta rage ta naɗi huɗu ce kacal, baƙi kuma da azahar. Ta naɗe huɗun a jere ba ta duba ba. Naɗi sai ya huta kafin wuƙa ta shiga, ita kuwa ba ta san hutu ba. Ta share tsakar gida sau biyu. Ta sauya wa Genzo riga, ta sake sauya masa. Ta goge wuƙa da jiƙaƙƙen tsumma har na ƙwace.

Baƙi na cire takalma ta ce, "Ke yanka, ni ba zan duba ba."

Na yanka. Fukafukan sun baje sun zama jan ƙoƙo, ganyen teku ya tsattsage gefe da gefe. Duka huɗun haka. Na ce mata ba malam-buɗe-littafi ba ne, kuma babu lokaci. Ta leƙa, ta jera a faranti, ta ɗauka.

Genzo ya ɗaga yanka ɗaya, da dasasshiyar muryarsa ya ce, "Ke tsohuwa, mene ne wannan?"

"Ƙaguwa ce. Idon ma an yanka maka?"

"Shekara arba'in ina kama ƙaguwa, ban ga mai ƙafa biyar ba."

"Asibiti ta je, kamar ka. Ci."

Ba a bar ko ƙwaya ba. Kafin a watse, gida uku sun ce ƙaguwa suke so a bikinsu.

Tun ranar take gwada sake yin ƙaguwar. Sau goma sha ɗaya ke nan, kullum malam-buɗe-littafi ke fitowa, cif da fukafukansa. Bikin farko saura kwana tara, kuma na gaya mata cikina ya daina karɓar gwaji.