Kunyar Koci

Mijina ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana horar da samarin wata ƙaramar kwaleji a Staten Island wasan tanis, ni kuwa har yau ban iya ƙirga makin wasan ba. Wasan da mutum zai ci ɗaya a rubuta masa sha biyar, ai da ganinsa ka san ba mai ciniki ne ya ƙirƙiro shi ba. Haka nake tsokanarsa, shi kuma ya yi murmushi ya ci gaba da ɗaura wa raket, sandar buga ƙwallon, igiya a tsakiyar falona.

A Kaduna ya koyi wasan tun yana saurayi. Da muka zo ƙasar nan tasi ya fara ja, raket ɗinsa na kwance a but, har Allah ya haɗa shi da aikin mataimakin koci, daga baya aka ba shi ƙungiyar gaba ɗaya. Daga gidanmu a Tremont zuwa wurin aikin nan tafiya ce ta gaske. Yana idar da sallar asuba zai kama jirgin ƙasa zuwa ƙarshen Manhattan, ya shiga jirgin ruwa zuwa St. George, sannan ya hau bas. 'Yan Ghana na masallacinmu su suka laƙaba masa Koci, suna zaton na ƙwallon ƙafa ne. Da suka gano gaskiya sai da suka yi masa jaje, amma sunan ya riga ya bi shi.

Ban taɓa ganin mai haƙuri da 'ya'yan mutane kamarsa ba. Ya san sunan kowane yaro da na uwarsa, ya san wanda ya faɗi jarrabawa da wanda budurwa ta gudu ta bari. Yakan kwaso mini su gida su cinye mini tukunyar dafa-duka, su tafi suna hawayen yaji. Ranar wasa kuwa haka zai yi ta kiran sunayensu har muryarsa ta dushe. Yaro ɗaya ne bai taɓa kiran sunansa ba, shi ne ɗanmu na fari.

Ni tawa kunyar ɗan farin tun a asibiti na yar da ita, don ma'aikaciyar jinya ta tsaya a kaina da takarda tana tambayar sunan jariri, kuma babu wata gwaggo a kusa da za ta amsa mini. Shi kuwa Malam ya riƙe tasa gam, yadda ya ga ubansa ya yi masa. Yaro na zaune a gabansa zai ce mini, ki gaya wa yaron nan kaza. Da yaron ya ɗauki raket yana ɗan shekara biyar, bai koya masa da kansa ba. Wurin wani abokinsa ya kai shi a filin unguwa, shi kuma ya tsaya can bayan waya kamar mai jiran mota.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaro ya tashi da hannu mai kyau, kwalejoji suka yi ta nemansa, ya ce shi ta ubansa zai je. Na yi murna har da rabon alewa, ban san abin da nake wa murna ba.

A wasansu yara shida ake jerawa, wanda ya fi kowa shi ne lamba ɗaya, ya kara da lamba ɗayan baƙi, haka har zuwa na shida. Ɗana yana cinye kowa a wurin horo, amma shekara biyu cur yana lamba shida. In na yi magana sai Malam ya ce me mutane za su ce, koci ya ɗora ɗansa a kan 'ya'yan wasu. Na ce waɗanne mutane, na Kaduna da ba su san ma ana yi ba? A lokacin hutun wasa yakan bi fili-fili ya tsuguna gaban kowane yaro ya ba shi shawara. In ya zo na shida sai ya wuce kansa a ƙasa.

Wata rana ina wanke-wanke yaron ya same ni a kicin. Da Turanci ya yi magana, yadda yaran ƙasar nan suke yi in abin ya kai musu wuya. Ya ce zai koma wata kwaleji a wajen gari, kuma ba lamba shida ce ta kore shi ba. Abin da ya kore shi, a cewarsa, ubansa bai taɓa tsayawa ya kalli wasansa ko sau ɗaya ba. Na kai wa Malam maganar da zafinta, na ce ɗansa zai tafi, ya tashi ya ce wani abu. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da jan igiyarsa. Ban taɓa jin haushin mutumin nan kamar ranar ba.

Yaro ya tafi. Shekara guda ni kaɗai yake kira a waya, Sallah ta zo ta wuce bai leƙo ba. Tsoro ya kama ni sosai, don a ƙasar nan na ga 'ya'yan da suka fita haka, sai dai a riƙa ganin hotonsu.

Da sanyi ya wuce aka fara gasa, sai jadawali ya kawo sabuwar kwalejinsa filin Malam. A can shi ne lamba ɗaya, kuma ba wanda ya ci shi a kakar wasan. Lamba ɗayan Malam kuwa wani siririn yaro ne mai ladabi, wanda kowa ya san ba sa'ansa ba ne. Ana gobe wasa na tambayi Malam me zai gaya wa siririn yaron nasa. Ya ce abin da aka ɗauke shi aiki ya faɗa. Na ce ya ji tsoron Allah, ɗansa ne fa.

"Shi ma wancan ɗan wani ne," in ji shi. "Amanarsa aka ba ni."

Na nemi hutu a gidan tsohuwar da nake kula da ita, na ƙetare ruwa na je. Zagayen farko ɗana ya cinye ba tare da ya yi gumi ba. Da aka zauna hutu sai na ga Malam ya tsuguna gaban siririn yaron, ya daɗe yana magana yana nuni da hannu. Daga nan wasa ya sauya. Yaron ya daina bugu da ƙarfi, sai ya riƙa sako ƙwallo a hankali, ƙasa-ƙasa, ta hagun ɗana, yana tilasta masa durƙusawa. In ya jawo shi bakin raga sai ya ɗaga ƙwallon ta bisa kansa. Tun ɗana yana girgiza kai har ya fara magana shi kaɗai. Aka cinye shi ina zaune ina kallo, na kuma ƙudurta a raina ba zan yi wa Malam magana ba har mu sauka daga jirgin ruwa.

Bayan an gama gaisawa sai na ga ɗana ya nufi inda ubansa yake tsintar ƙwallaye yana zubawa a kwando. Na taso da sauri don in raba faɗa. Da Hausa ya yi magana, Hausar nan tasa mai ɗingishi.

"Baba, kai ka gaya masa?"

"Ni ne."

"Wa ya gaya maka gwiwata ta hagu ba ta son durƙuso? Ko kocina bai sani ba."

Malam bai daina tsintar ƙwallo ba. Ya ce tun faɗuwar da ya yi a filin unguwa yana ɗan shekara tara yake kare gwiwar nan. Ya ce kuma in tsoro ya kama shi, sau biyu yake doka ƙwallo a ƙasa kafin ya fara bugu, ba sau huɗu kamar kullum ba, gara ya gyara tun wasu ba su gane ba.

Yaron ya dube shi, raket na reto a hannunsa.

"Ashe kana kallona," ya ce.

"To, wa zan kalla?" in ji Malam, kansa na cikin kwando.

Yaron ya je ya yi magana da kocinsa, motarsu ta tafi ba da shi ba, muka taho gida mu uku. A cikin jirgin ruwa suna gefe suna musu a kan riƙon raket, ni kuwa ina zaune kunya ta ishe ni. Ni da nake kiran sunansa sau ashirin a rana, nake tafa masa a gaban kowa, ban taɓa sanin gwiwar nan tana damunsa ba.