Kunnen Inna Ya Fito, Idonta Bai Fito Ba

Abubuwa da yawa sun same ni a sana'ar ɗaukar hoto waɗanda yau ko an tuna mini sai na yi dogon tunani. Amma abin da ya faru da hoton mahaifiyata ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah. Shekaru sun wuce, duk da haka ranar da ya faɗo mini sai in ji zuciyata tana tafasa kamar jiya aka yi.

Ina da shagon hoto a Sabon Gari, a Gusau. Da kyamarar zamani nake cin abinci kamar kowa, amma ina da son tsofaffin kyamarori masu fim. Wata rana na ci karo da ɗaya a wurin masu kayan gwanjo, baƙa, ƙarama, mai nauyi a hannu. Irin wadda ba ta cikin idonta ake leƙawa ba. Tana da wata 'yar taga a gefe, in ka leƙa sai ka ga abin da za ka ɗauka ya rabu biyu a tsakiya, ka yi ta murɗa idon har biyun su hau kan juna su zama ɗaya. Da sun haɗu, saiti ya yi, sai ka danna. Abin da idon kyamarar da kansa ya gani kuwa, ba za ka sani ba sai ka wanke fim.

Da yake ta daɗe a ajiye, na kai ta Tsafe wurin wani dattijo mai gyaran agogo a bakin kasuwa, wanda ya yi gyaran kyamara da ƙuruciyarsa. Ya share ta, ya daidaita tagar, bayan mako ɗaya na je na karɓo a gurguje. Na gwada ta a cikin shago inda haske ya yi ƙaranci, na buɗe ƙofar hasken idon gaba ɗaya, hoto ya fito tar. Na gwada ta a waje cikin rana, na tsuke ƙofar sosai, nan ma tar. Daga nan na ce na gama sanin kyamarata. Gwaji biyu kacal, na ɗauka na ƙure ta.

Inna tana zaune a Karakkai, ta wajen Bungudu, kuma ba ta son hoto ko kaɗan. Ɗan guda da muke da shi shi ne na katin zaɓe, inda ta zaro ido kamar an kama ta da laifi. In ka ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ranar sunan jikar yayata ne kawai na same ta cikin nishaɗi, tana zaune a kan tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta ɗaura sabon ɗankwali, ga 'yan kunnenta na azurfa da ba ta sawa sai da dalili.

Na durƙusa na ce, "Inna, yau dai ki bari in ɗauke ki."

Ta ce, "Mi za ka yi da hoton tsohuwa?"

Na ce, "Jikokinki za su gani."

Ta kalli kyamarar, sannan ta gyara zama ta ce, "To, yi maza tun ban sake shawara ba."

Yaya da ke gefe ta yi wuf ta ciro wayarta, ta ce bari ita ma ta ɗauka. A nan na yi maganar da har yau nake jin haushin bakina. Na ce, "Yaya, don Allah mayar da wayar nan. Hoton waya hoto ne? Za ki sa ta tsargu ta tashi. Bari in yi mana na gaske, kowa zai samu." Yaya ta harare ni, amma ta mayar da wayar cikin jaka.

Inuwa ce, haske bai yi yawa ba kuma bai yi kaɗan ba, don haka na rage ƙofar hasken daga buɗe gaba ɗaya, na murɗa zobenta mai lambobi sau biyu. Na matso kusa, bai fi taku ɗaya da rabi tsakaninmu ba. Na leƙa taga, na haɗa idon Inna da nake gani ya rabu biyu ya zama ɗaya, na danna. Sau shida na ɗauka. A na huɗun Yaya ta tsokane ta da cewa ta fi mai jego kwalliya, Inna ta tuntsire da dariya har da dafe ƙirji, ni kuma na danna daidai lokacin. Bayan na shida ta miƙe ta ce ya isa haka.

Fim ɗin da saura, sai na bar shi a cikin kyamarar har sai na cika shi. Kwana goma sha biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da Inna, kwana biyu ta yi Allah ya karɓi abarsa.

Bayan sadakar bakwai kowa ya fara tambayata hoton. Ƙannena suka ce a yi babba, Yaya ta ce wanda take dariya take so. Na dawo Gusau, da safe na shiga ɗan ɗakin bayan shago na wanke fim ɗin, na buga na huɗun a takarda. Ina tsaye hoton yana fitowa a hankali cikin ruwan magani. Ɗan kunnenta ya fito tar, har zanen da maƙeri ya yi a jikinsa. Ƙullin ɗankwalinta na baya ya fito, kana iya ƙirga zaren. Idanunta kuwa dishi-dishi, kamar kana kallon mutum ta gilashin mota mai raɓa. Bakin da ke dariya ya narke. Na buga sauran biyar ɗin, duk haka suke. Kunne fes, fuska a dushe.

Na kai wa Yaya. Ta daɗe tana kallo, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, sannan ta ajiye a kan gado. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Da ka bar ni da wayata."

Na fita daga gidanta ban yi sallama ba. Kafin in kai bakin titi na riga na sami wanda zan ɗora wa laifi. Wa ya taɓa kyamarar in ban da tsohon nan na Tsafe? Washegari na shiga motar farko.

Ranar kasuwa ce, rumfarsa da mutane. Ban gaishe shi ba. Na watsa masa hotunan a kan tebur, a kan agogunan mutane, na ce, "Dubi aikinka! Ka ce ka daidaita, ashe ɓata ta ka yi. In idonka ya mutu ka daina karɓar kayan jama'a mana!" Na kira shi maha'inci. Na ce da wanda ya san aiki na kai wa da ba a yi haka ba. Mai shayi na gefe ya taso yana cewa, "Haba Malam, sa'an mahaifinka ne fa," na ce ya koma wurin tukunyarsa. Jama'a suka taru. Ina ta faɗa har muryata ta dushe. Shi kuwa dattijon, hotunan yake ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana dubawa da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido.

Da na tsagaita ya ce, "Ka gama? Miƙo ta nan. A lamba nawa ka ɗauka?"

Na gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya aro tef ɗin awo wurin telan da ke maƙwabtaka da shi, ya shimfiɗa a kan benci, ya tsayar da ƙusa a tsakiya. Ya buɗe bayan kyamarar, ya manna wata takarda mai shara-shara a inda fim yake zama, ya ajiye kyamarar a ƙarshen bencin. Ya ce in leƙa taga in saita a kan ƙusar da hannuna. Na saita. Ya buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, ya ba ni gilashinsa, ya ce in dubi takardar. Ƙusa ta fito tar.

Ya ce, "To, kada ka ɗauke ido." Ya murɗa zoben sau biyu, daidai yadda na yi a Karakkai.

Ina kallo ƙusar ta dushe. Lambobin tef ɗin da ke bayanta, kamar faɗin yatsa uku, su suka fito sarai. Na koma na leƙa tagar gefe, tana nan tana nuna mini saiti daidai a kan ƙusa, ko motsi ba ta yi ba. Ya ƙara tsuke ƙofar sosai, sai ƙusa da lambobi duk suka fito tare.

Ya ce, "Wanga ido haka aka ƙera shi, ba ɓaci ba ne. Hasken da ke shiga ta gefen gilashi da wanda ke shiga ta tsakiya ba wuri ɗaya suke haɗuwa ba. In ka rage ƙofa kaɗan, ka yanke na gefe, sai saiti ya ja baya. Taga ba ta da labari, don ba ta cikin idon take kallo ba. Daga nesa ba ka lura. Amma in ka matso kusa da mutum a wagga lamba, sai ka saita a kan hancinsa, ko ka ɗan ja da baya kafin ka danna. Tsakanin ido da kunne ai yatsa ukun ke nan." Ya ɗago ya dube ni. "Ranar da ka zo karɓa na fara gaya maka. Ka ce mota na jiranka, kuma ka wuce wanga karatu."

Sai a lokacin na tuna. Har na tuna yadda na ɗaga masa hannu ina tafiya.

Za a ɗauka a nan jikina ya yi sanyi. Wallahi ƙara hasala na yi, don fushin ya rasa inda zai sauka. Na ce, "To me ya hana ka tsayar da ni? Me ya hana ka rubuta mini?" Na zagi waɗanda suka ƙera idon, mutanen da ban sani ba, wataƙila ma sun daɗe da mutuwa. Ya bar ni na yi, sannan ya nuna hoton ya ce, "Wace ce?" Na ce mahaifiyata ce, mun binne ta kwana goma da suka wuce. Ya cire gilashin daga idonsa, ya yi mata addu'a, mutanen da na tara da ihuna suka ce amin. Na tattara hotunana na bar wurin.

Sai da na yi mako guda ina hucewa kafin na iya komawa Tsafe. Na zaɓi ranar kasuwa da gangan, na durƙusa a gaban rumfarsa na nemi gafara a gaban jama'a. Ya ce ya yafe tun ranar. Yaya kuwa ta fi shekara ba ta yarda mun yi maganar hoto ba, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da na koya ya zo mini da tsada. Kayan aiki, komai kyansa, yana da halin da ba ya nunawa sai ka bi shi lungu-lungu, don haka ban ƙara ɗaukar abin da ban gama sani ba in tafi da shi wurin da ba a maimaitawa. In wanda ya girme ni a sana'a ya buɗe baki, ko mota ta cika ni kaɗai ake jira, sai na tsaya na ji ƙarshen maganarsa. Kuma duk ranar da na ji raina ya ɓaci har ina neman wanda zan je in yi wa ihu, nakan zauna tukuna in tambayi kaina mene ne nawa a ciki, domin sau da yawa nakan tarar nawa ya fi na kowa.