Malama ta Uku

A cikin maƙalar da ta ɗaga ni a jami'a, sunanta Malama ta Uku. A gida Yaya muke ce mata. Mutanen gari kuwa Malamar aji ɗaya suka sani, don shekara ashirin da shida ta yi a wannan ajin, ba ta hau sama ba, ba ta kuma nemi hawa ba. An sha yi mata tayin aji shida, ta ce a kai kasuwa. "Yaron da ya iya share majinarsa ba ya bukatata," in ji ta.

Ita ta raine ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina shekara huɗu, ita tana sha bakwai, Baba kuma direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu ba mu gan shi ba. Da gawayi ta koya min baƙaƙe a bayan ƙofar ɗakinmu. Da ta yi aure ta tafi da ni, har yau mijinta yana tsokanata cewa mace ɗaya ya nema, aka yi masa gyara da ƙato mai ci. Gajeriya ce, hannun rigarta kullum fari fat da alli, ga murya mai dishi-dishi wadda tun daga bakin ƙofar makaranta ake jiyo ta.

Dokar makarantu a lokacin ita ce, ba a magana a aji sai da harshen hukuma. Malamin da aka kama yana yi wa yara harshen gida, takardar tuhuma ce, wani lokacin har a raba shi da ajin. To, yaro ɗan shekara shida da bai taɓa jin harshen nan ba ko a mafarki, me zai gane? Yaya ta samo dabararta. Da safe sai ta tura ƙofa, ta yi minti goma tana gaya wa yara da harshen iyayensu abin da za a koya yau, su yi tambaya, su yi musu, su yi dariya. Sannan ta buɗe ƙofa ta juya harshe. Kafin shekara ta ƙare yaranta na karatu, na sauran makarantu na haddar abin da ba su sani ba. Hedimasta ya sani, iyaye sun sani, kowa ya ja bakinsa. Shi hedimastan ma in zai zaga da safe, ta bayan famfo yake bi don kada ya wuce ta tagarta.

Ni kuwa na zama malamin jami'a, fannina nazarin yadda ake koyon harshe da yadda ake koyar da shi. Suna mai daɗi, amma shekara bakwai ina mataki ɗaya kamar an kafe ni da ƙusa. A wurinmu ba a ƙara wa mutum girma don ya iya koyarwa, sai ya buga maƙala a mujalla. Nawa guda biyu ne, su ma tattare-tattaren maganganun wasu. Waɗanda na koyar suna wuce ni a matakala suna "ina kwana, Malam", raina na ƙuna. Ran nan Farfesa, shugaban sashenmu, ya jefo min takarduna a tebur ya ce, "Ka daina gaya min abin da wasu suka jiyo. Ɗauki rakoda ka je ka jiyo naka."

Ban kai ofishina ba Yaya ta faɗo min a rai.

Na same ta da yamma tana gyaran littattafan yara a tabarma. Na yi ta kewaye-kewaye, ta ce, "Auta, in roƙo ka zo yi, yi, ina da aiki." Na gaya mata ina so in zauna a ajinta in ɗauki darasinta a rakoda.

"Har da na bayan ƙofa?"

"Shi ne ma nake so, Yaya."

Ta ajiye jan biro ta dube ni. "Ka san saura shekara uku in yi ritaya. Ba na son komai a duniyar nan sai in ƙarasa su a ajina. In sunana ya fita, sun raba ni da shi."

Na dafa ƙirji. Na ce a aikinmu ɓoye suna farilla ne, akwai ma takardar da ake sa hannu. Ta ce in riƙe takardata, ita ƙanenta ta sani.

Mako shida na yi a bayan ajin, a kan ɗan benci, gwiwoyina na taɓa haɓata. Na ɗauki wasu malamai biyu a wasu makarantu don a cika uku. Kuma wallahi na bi ƙa'ida. Na cire sunanta, na cire sunan makaranta da unguwa, yaran ma na sauya musu sunaye ɗaya bayan ɗaya. Maƙala ta fito, aka yaba, aka gayyace ni in gabatar da ita a babban taron shekara.

Akwai ƙa'ida guda da Farfesa yake nanata mana har ta gundure mu: abin da ka rubuto daga rakoda ka nuna wa duniya, amma kaset ɗin kansa a aljihun tebur yake zama, a kulle, domin murya ma suna ce. Na san wannan. Ni da bakina na koya wa ɗalibai, har na taɓa rage wa wata yarinya maki a kansa. Ba zan ce mantuwa na yi ba.

An sa ni bayan abincin rana, lokacin da ko wa'azi ba ya shiga kunne. Zauren ya cika, fanka na juyawa, rabin mutane na gyangyaɗi. A layin gaba ga baƙi daga ma'aikatar ilimi, darakta da muƙarrabansa, ga kuma shugaban kwamitin ƙarin girma, wanda takarduna ke kan teburinsa, idonsa a lumshe, bakinsa a ɗan buɗe. Na yi minti goma ina karanta alƙaluma, ba wanda ya ɗago. Rakodar tana cikin jakata. Zuciyata ta ce, daƙiƙa arba'in kawai, wa zai gane? Na jona ta da lasifika na danna.

Muryar Yaya ta cika zauren. Tana tambayar yara, in akuya uku suka shiga gona, mai gona ya kori ɗaya, saura nawa? Wata 'yar ƙaramar murya ta ce saura babu, ai in aka kori ɗaya duk gudu suke yi. Yaya ta fashe da dariyarta ta ce, "Ke kin fi ni sanin akuya, zo ki karɓi allin!" Zaure ya ɗauka. Masu barci suka farka, shugaban kwamiti har da buga cinya. Sai wani jami'i a layi na biyu, mutum mai iyali, ya miƙe tsaye fuskarsa cike da murna.

"Kai! Malamar aji ɗaya! Wallahi ita ce, ita ta koya min karatu!" Har sunan makarantar ya faɗa, bawan Allah, don ƙauna.

Darakta ya waiwaya ya dube shi, ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta wani abu. Na gani da idona, amma tafi ya biyo baya, tafin da ban taɓa samu ba, ni kuma na tsaya na karɓe shi har ƙarshe. Abin da ya fi ci min rai yau shi ne, na ji daɗinsa. A bakin ƙofa Farfesa bai miƙo min hannu ba. Ya ce, "Wace ce ita a wurinka?" Na ce yayata ce. Ya girgiza kai ya wuce.

Kwana tara tsakanin taron da zuwan takarda. A cikinsu zan iya bin darakta ofis in roƙe shi. Zan iya aƙalla in je in gaya wa Yaya ta shirya. Ban yi ko ɗaya ba. Kullum sai in ce wa kaina manyan nan mantuwa gare su, wa zai tuna da malamar firamare? Mijinta ne ya kira ni a waya, ba tsokana a muryarsa. Ya ce an ba ta takardar tuhuma, an cire ta daga aji, an mai da ita sito, wurin ajiyar alli da tsofaffin littattafai.

Na je gidan. Tana guga. Ta ce, "Ka ci abinci?" Na fara zuba bayani, yadda zauren yake, yadda ban zaci kowa zai gane ba. Ta bar ni na gama tas, ta juya rigar da take gogewa.

"Auta, suna na ce ka ɓoye, ka kuma ɓoye. Ni ce ban iya ƙulla sharaɗi da masu digiri ba."

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu ni na ja, ita ya doka. A shekarar nan aka ƙara min girma. Yaya ta bi maƙwabta gida-gida tana gaya musu, da alfaharinta. Na rubuta wa ma'aikatar wasiƙa ɗaya a kanta, mai laushi ƙwarai, don a lokacin ina neman izininsu in shiga wasu makarantu. Ba su amsa ba, ban kuma sake rubutawa ba.

Daga nan na rage zuwa. Aiki ya yi yawa, in ji ni: taro, jarrabawa, tafiya. In na je ma hirar 'ya'ya muke yi da tsadar kaya. Ta cika shekara ukunta a sito ta yi ritaya. Makarantar kuwa ban sake taka ta ba.

Shekara goma sha ɗaya bayan taron, aka sauya doka. Aka yarda a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen gida, kuma a rahoton kwamitin da ya ba da shawarar, maƙalata na cikin hujjojinsu. Na zama farfesa, ana kirana in horar da malamai kan dabarar minti goma, wasu har suna laƙaba mata sunana. Na faɗaɗa maƙalar ta zama littafi. Sai na ga ai dama ta samu: yanzu babu abin tsoro, zan sa cikakken sunan Yaya a shafin farko, duniya ta san mai abin. Na ɗauki gwajin bugun na nufi gidanta da la'asar, ina jin kaina kamar mai kai babban albishir.

Ta tsufa, gilashi a ido, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana ɗinke jakar makarantar jikarta. Na durƙusa na buɗe mata shafin. Ta karanta a hankali, da yatsa, yadda take koya wa yara. Ta ce rubutun ya yi kyau.

"Yaya, an gane gaskiyarki. Yanzu duk ƙasar yadda kike yi za a yi."

"Madalla. Allah ya sa su iya." Ta rufe littafin. "Auta, ka taɓa ganin siton nan?"

Na ce a'a.

"Bango ɗaya ne da ajina. Bangon ma bai kai rufi ba."

Ta ci gaba, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Yarinyar da aka ba ajin mai kirki ce, amma ta ga abin da aka yi min, ko kalma ɗaya ba ta yarda ta yi musu da harshen gida ba. Ta faɗa, su maimaita. Ni kuma ina nan bayan bango ina jera kwalayen alli. Ka san a wata na uku ake gane yaron da ya ɓace? Muryarsa ce ke fara bin ta sauran a baya, kwana kaɗan sai ta ɗauke. Ina jin su suna ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Na san iyayensu, na san abin da zan ce wa kowanne ya dawo, minti biyu ya isa. Yara sittin a shekara, shekara uku."

A nan ne na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba tun ranar taron. Na ce, "Yaya, na ci amanarki. Ki yafe min."

Ta ɗora min littafin a cinya, ta ɗauki allurarta.

"Nawa na yafe tun kafin ka shigo gidan nan ranar da nake guga. Ai ni na goya ka. Na yaran ne ba a hannuna yake ba. Suna nan cikin gari, sun girma. In kana da hali, bi su."